Mako 12 ba nama: littafin kifi da wake

1 ga Satumba

Yau na fara. Takardar gwajin jinina tana manne a ƙofar firij tun makon jiya, duk sanda na je ɗaukar ruwa sai mun haɗa ido. Kolestarol, wato wani nau'in kitse da ke yawo a jini, ya haura inda ake so, awon jini kuma 142/90 aka samu sau biyu a jere. Likita ba ta ɗora ni a kan magani ba tukuna. Ta ce in gyara cimata, in riƙa tafiyar ƙafa, in dawo bayan wata uku a sake dubawa. Ba ita ta ce in bar nama ba, ni na zaɓi hakan don na san halina. Idan aka ce mini "rage", kullum zan ci in ce ai na rage. Gara a shata mini iyakar da zan san na tsallaka ko ban tsallaka ba.

Tsarin da na ɗauka shi ne wanda Turawa ke kira pesketeriyan, daga kalmar pesce ta Italiyanci, wato kifi. Dokarsa gajera ce: ba naman dabba, ba na tsuntsu. Kifi da sauran halittun ruwa, ƙwai, madara, hatsi, wake, ganye da 'ya'yan itace duk suna nan. Abin da ya ƙara ingiza ni shi ne sosej da naman gwangwani da na mayar abin karin kumallo. Tun a 2015 sashen binciken cutar daji na Hukumar Lafiya ta Duniya ya sa naman da aka sarrafa a jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar, ya ce giram 50 a kullum na ƙara haɗarin dajin hanji da kusan kashi 18 cikin 100. Na san wannan da daɗewa, ban dai taɓa auna nawa nake ci ba.

Maigidan ya saurare ni har na kai aya, sannan ya ce, "To, Allah ya ba da sa'a. Amma mu dai ba a gwada jininmu ba, ko?" Ke nan wasu ranakun tukunya biyu zan ɗora.

3 ga Satumba

Soyayyen kifi da shinkafa da rana, soyayyen kifi da dankali da dare. Ban ji kewar komai ba.

7 ga Satumba

Mako guda, kuma na riga na ga kuskure na farko a littafin cefane. Kifi na ci sau 13 cikin kwana 7, kusan duka soyayye, kuma kuɗin abincin makon ya ƙaru da wajen rabi. Duk inda nama yake shiga a da, sai kawai na cusa kifi a wurin. Ga ƙarni ya kama labule, ya kama tawul ɗin kicin, har auta ta shinshina mayafina ta ce, "Mama, kin zama kifi." Man suya kuwa, wanda ke kai mu wata, ya kusa ƙarewa.

10 ga Satumba

Na zauna na karanta abin da ya kamata in karanta kafin in fara. Ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka sau biyu a mako ta ce a ci kifi, musamman mai maiƙo. Hukumar lafiya ta Birtaniya ma haka, sau biyu, ɗaya ya zama mai maiƙo, kowane ci wajen giram 140. Sau biyu a mako, ni kuwa ina ta fama sau biyu a rana.

Na kuma gane cewa ba duk kifi ne ɗaya ba. Abin da ake nema don zuciya shi ne man nan da ake kira omega-3, kuma yana da yawa ne a kifi mai maiƙo kamar sadin, makarel, herin da salmon. Farin kifi irin su karfasa da tarwaɗa yana da furotin mai kyau, kusan giram 20 a kowane giram 100, amma omega-3 ɗinsa kaɗan ne. Ni kuwa farin kifin na yi ta tsomawa a tafasasshen mai, abin da ke ƙara masa kitsen da nake gudu. An gudu ba a tsira ba.

Sabon tsari: kifi sau uku a mako, biyu daga ciki mai maiƙo, kuma gashi ko dafuwa ko turarawa. Na sayi ƙaramin sikelin kicin. Giram 140 bai kai abin da idona ke ɗiba ba, kusan faɗin tafin hannuna ne da ɗan ƙari.

14 ga Satumba

Gasasshen makarel da tafarnuwa da lemun tsami. Idan aka goge kifin da tsumma mai tsabta ya bushe kafin ya hau wuta, fatar ba ta mannewa. Tafiyar ƙafa minti 30, kwana huɗu a wannan makon.

19 ga Satumba

Na hau sikeli da safe, na ƙaru da kusan kilo ɗaya. Raina ya ɓaci, sai na koma na bi abin da na rubuta na ci. Ranakun da ba kifi, gurbin naman burodi ne ya cike shi, da taliya, da ƙarin shinkafa, da cuku. Ƙarfe huɗu na yamma yunwa ta taso, in buɗe biskit. A takarda ban karya doka ba, ko tsokar nama ɗaya ban taɓa ba, amma cimar ta fi ta da lalacewa.

Lissafin da aka saba bayarwa shi ne giram 0.8 na furotin ga kowane kilo na nauyin babban mutum. Nawa ya kama wajen giram 60 a rana, kuma a ranakun burodin ko kusa ba na yi. Don haka na jiƙa wake da yawa, na dafa babbar tukunya, na rarraba a robobi na jera a firiza. Ƙwai biyu da safe maimakon burodi zalla, gyaɗa ko yogot mara sukari a madadin biskit. Daga yau rabin faranti ganye ne da kayan lambu, kashi ɗaya cikin huɗu wake ko kifi ko ƙwai, ragowar hatsi.

21 ga Satumba

Cikina ya kumbura kamar ganga. Na yi wa waken shigar sauri. Na rage shi zuwa rabin kofi, zan riƙa ƙarawa a hankali, kuma in zubar da ruwan jiƙon kafin dafawa.

24 ga Satumba

Mun je cin abinci gidan Yaya. Ban gaya mata tun da wuri ba, wannan laifina ne. Ta yini a kicin, ta zuba mini cinyar kaza da hannunta. Da na ce na ɗan ajiye nama sai ta tsaya da cokali a hannu ta ce, "Ke kuma wace sabuwar cuta ce ta same ki da ba a gaya mini ba?" Na yi bayanin gwajin jini, ta ce to ai kaza ba jan nama ba ce. Gaskiyarta, don ba wanda ya ce kaza mara fata guba ce, kuma mutum na iya cin ta ya zauna lafiya. Ni dai iyakar da na shata wa kaina ce, kuma na san in na buɗe ƙofa ɗaya sauran ma za su buɗe. Na ci shinkafa da salak, ita kuma ta yi ta kallon farantina kamar na zo mata ta'aziyya. Da za mu tafi ta ce, "Wani zuwan ki faɗa mini, ni ma na iya dafa kifi." Na ji kunya sosai.

30 ga Satumba

Lissafin wata. Makon farko ne ya yi ɓarna. Daga mako na uku kuɗin cefane ya dawo daidai da na da, a na huɗu ma ya ɗan yi ƙasa, saboda wake da ƙwai sun ɗauke yawancin ranakun. Salmon sau ɗaya na saya na haƙura, kuɗin ci ɗaya nasa zai kai ni ci uku ko huɗu na makarel. Daskararren kifi ya fi ɗanye araha kuma amfaninsa bai ragu ba. Sadin na gwangwani shi ne ya fi komai sauƙi, ga shi ana cinye shi har ƙaya, ƙayar kuma tana ba da sinadarin kalsiyam.

Sai dai gwangwani na zuwa da gishirinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ƙasa da giram 5 na gishiri ta ce a rana, kusan ƙaramin cokali ɗaya, kuma mai neman saukar da hawan jini ba zai yi wasa da wannan ba. Yanzu ina karanta bayan gwangwani kafin in saya, in tsiyaye ruwan, kuma ranar da na buɗe shi ba na ƙara gishiri a girkin.

6 ga Oktoba

Jiya na kwana da darasin da ba zan manta ba. Na sayi ɗanyen makarel da safe, na jefa shi a bayan mota, na ce bari in biya wurare biyu. Wurare biyu suka zama huɗu, ga rana ta take. Ban isa gida ba sai bayan wajen awa huɗu. Na shinshina kifin, ban ji ɗoyi ba, idonsa ma bai dusashe sosai ba. Na ce ai wuta na kashe komai, na gasa shi har ya yi ƙamshi.

Loma ta farko na ji wani ɗan yaji-yaji a harshe, kamar an barbaɗa masoro, alhali ban sa ba. Na ci gaba da ci. Ba a yi minti 30 ba fuskata ta ɗau zafi ta yi jajir, har wuya da ƙirji. Kai ya fara sarawa, zuciya na bugawa kamar na yi gudu, fata na ƙaiƙayi, sai kuma ciki ya murɗa. Allah ya taimaka maigidan da yara nama suka ci ranar, ni kaɗai na taɓa kifin. Maigidan ya dube ni sau ɗaya ya ɗauko mukullin mota.

Tambayar farko da likitan ya yi ita ce wane irin kifi na ci, ta biyu kuma ina ya yini kafin a dafa. Da na faɗa sai ya gyaɗa kai. Ya ce gubar histamin ce. Kifaye irin su makarel, tuna da sadin suna da wani sinadari a namansu wanda ƙwayoyin bakteriya ke juyawa ya zama histamin idan kifin ya daɗe ba sanyi. Da zarar ya taru, dafuwa ba ta kashe shi, gashi ba ya kashe shi, daskarewa ma haka, kuma ba lallai kifin ya yi wari ba. Na tambaye shi ko ke nan jikina ya daina karɓar kifi. Ya ce a'a, wannan ba alaji ba ne, wato jiki ya ƙi wani abinci, duk da sun yi kama, kowa ya ci wannan kifin zai iya shiga halin da na shiga. Aka ba ni maganin da ke kwantar da histamin, aka ajiye ni na ɗan lokaci ana duba numfashina, kafin tsakar dare jan ya fara washewa.

Kuɗin asibitin ya cinye duk ɗan rarar da na yi alfahari da ita a lissafin Satumba. Yau na sayi jakar sanyi da ƙanƙarar roba. Doka daga yanzu: kifi shi ne sayayyar ƙarshe, daga wurin saye sai gida. Firij ya tsaya a digiri 4 na ma'aunin Celsius ko ƙasa, ɗanyen kifi kada ya wuce kwana biyu a ciki, abin da ba za a ci ba ya tafi firiza.

9 ga Oktoba

Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura. Kwana uku wake da ƙwai kawai.

12 ga Oktoba

Na daure na turara farin kifi da albasa da citta. Lafiya lau. Na sayi ma'aunin zafin abinci, ana so tsakiyar kifi ya kai digiri 63. Ashe a da ina dafa shi har ya wuce misali, shi ya sa yake bushewa kamar katako.

16 ga Oktoba

Ƙanwata mai juna biyu ta kira, wai ta ji ina cin kifi, tana so ta bi sahuna, amma an tsorata ta da zancen makuri. Kafin in ba ta amsa sai na leƙa kwandon shara, na ƙirga gwangwanin tuna biyar a mako ɗaya. Tun abin da ya faru da makarel na koma gwangwani ba tare da na lura ba.

Makuri, wato zaiba, yana shiga ruwa daga hayaƙin kwal da haƙar zinariya da masana'antu, ƙwayoyin bakteriya su juya shi zuwa nau'in da ke maƙalewa a nama. Ƙaramin kifi ya ɗauki kaɗan, babba ya haɗiye ƙanana dubbai, sai ya tara nasu duka. Shi ya sa manyan kifaye mafarauta masu tsawon rai suka fi shi yawa: shak, kifi mai takobi, malin, da tuna mai manyan idanu. Duniya ta san munin abin ne daga garin Minamata na Japan, inda aka gano cutar a 1956 bayan wata masana'anta ta yi shekaru tana zuba dattinta a teku, kuma sunan garin aka sa wa yarjejeniyar 2013 ta rage makuri. Hukumomin abinci da muhalli na Amurka ba su ce mai ciki ta bar kifi ba. Cewa suka yi ta ci sau biyu zuwa uku a mako daga masu ƙarancin makuri, irin su sadin, salmon, herin, karfasa, tarwaɗa da jatan lande, ta guji manyan can. Farar tuna ta gwangwani sau ɗaya a mako. Akwai kuma wani babban makarel da ake kira sarkin makarel da ke cikin jerin gujewa, ba shi ne ƙaramin da aka saba ci ba.

Na karanta mata wannan, na ce ta kai wa ungozomarta kafin ta canza komai. Ni kuma na mayar da tuna sau ɗaya a mako, sadin ya karɓi sauran.

23 ga Oktoba

Kwana goma ke nan ina jin kasala, hawa bene na sa ni haki. Na koma asibiti aka duba ma'ajiyar sinadarin ƙarfe a jinina, aka ce ta yi ƙasa. Nan take na ɗora wa barin nama laifi. Likita ta ce mako bakwai da wuya su kwashe ma'ajiyar haka, da alama dama can tana ƙasa saboda yawan jinin al'ada, sabon tsarin dai bai taimaka ba. Mace mai shekarun haihuwa na bukatar wajen miligiram 18 a rana, namiji 8 kawai. Ƙarfen da ke cikin nama da kifi jiki ya fi saurin ɗauka, na wake da alayyafo kuwa sai an taya shi.

Sai ta tambaye ni yaushe nake shan shayi. Na ce tare da abinci, safe da dare, mai kauri. Ta yi dariya ta ce ga ɓarawon nan a cikin gida. Shayi da kofi suna hana jiki tsotsar ƙarfen da ke cikin tsirrai, bitamin C kuma na ƙara shi. Ta rubuta mini ƙwayoyin ƙarin jini na wata uku. Shayi ya koma awa ɗaya ko biyu bayan cin abinci, wake kuma ba ya sauka sai da tumatir ko tattasai ko matsin lemun tsami. Bitamin B12 dai lafiya yake, kifi da ƙwai da madara sun riƙe shi.

29 ga Oktoba

Ba labari. Kifi uku, wake huɗu, tafiya kwana biyar. Ƙwayoyin suna ɗaure mini ciki, na ƙara ruwa da gwanda.

4 ga Nuwamba

Na karya doka. Ina kwashe farantin yara, ga guntun soyayyar kaza auta ta bari, kafin in yi tunani ya wuce maƙogwaro. Daɗinsa bai kai yadda nake ta ƙiyastawa ba. Na rubuta don kada littafin ya zama na ƙarya.

Wannan ya sa na duba ɗanɗanon girkin da nake jefawa a tukunya, ashe mai ɗanɗanon kaza ne, ga gishiri jingim. Yanzu kawunan kifi da ƙashin bayansa nake tarawa a firiza, in tafasa su da albasa da karas minti 25, in tace. Idan ya wuce haka romon na yin ɗaci.

11 ga Nuwamba

Maigidan ya tambaya da gaske, ba da tsokana ba, ko akwai hujjar cewa abin nan na aiki. Na nuna masa binciken jami'ar Oksfod da aka buga a 2019, wanda ya bi mutum sama da 48,000 na tsawon shekara 18 a Birtaniya. Masu cin kifi ba nama sun samu ciwon toshewar jijiyoyin zuciya ƙasa da masu cin nama da kashi 13 cikin 100. Ya ce, "To su waɗannan, kifin ne ya cece su ko dama masu kula da kansu ne?" Tambayar ta zauna daidai. Irin wannan bincike kallon mutane yake yi, ba ya raba su gida biyu ya ce ku ci wannan ku ci wancan, kuma wanda ya bar nama don lafiya sau da yawa shi ne mai motsa jiki, mara shan taba. Masu binciken suna ƙoƙarin cire tasirin waɗannan a lissafi, amma ba a iya tsefe su tas. Ni kaina shaida ce, tunda na yi mako biyu ba nama ina ƙiba da burodi.

Duk da haka ya ci gasasshen sadin ɗina biyu ya bar ni da ɗaya.

17 ga Nuwamba

Na ci karo da rahoton Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024: sama da kashi ɗaya cikin uku na rukunan kifin teku ana kama su fiye da yadda za su iya hayayyafa, kuma a 2022 kifin kiwo ya zarce na kamu a karon farko. Ƙarin dalili ke nan na tsayawa a sau uku da ƙananan kifaye.

24 ga Nuwamba

Sakamako ya fito. Awon jini 134/86. Mugun kolestarol, wato nau'in da ke toshe jijiyoyin jini, ya sauka, amma bai shiga inda ake so ba tukuna. Nauyi ya ragu da kilo biyu da rabi daga ranar farko. Likita ta ce ci gaba ne, ta ƙara mini wata uku ba magani, da sharaɗin in sayi na'urar awon jini in riƙa rubutawa a gida safe da yamma na mako guda kafin in dawo. Na tambaye ta ko kifin ne ya yi aikin. Ta ce na bar sosej, na rage gishiri da suya, na ƙara wake da ganye, ina tafiya, to wanne za ta ware ta ba lambar yabo?

Kuɗin wata uku gaba ɗaya ya ɗan haura na da, amma in aka cire asibitin ranar makarel da sikeli da ma'aunin zafi da jakar sanyi, cefanen kansa ya yi ƙasa kaɗan.

Zango na gaba zai kai ƙarshen Fabrairu. Kifi na nan sau uku. Zan maye farar shinkafa da hatsin da ba a cire wa dusa ba aƙalla kwana uku a mako, in rage cuku, don shi ne kitsen da ya saura yana ɓuya. Za a sake duba ƙarfen jini a Janairu. Maigidan ya yarda da kwana biyu a mako tukunya ɗaya, yara kuma sai an cire musu ƙaya tukuna. Yaya ta kira ɗazu, ta ce ranar Asabar in zo, ta sayi kifi, wai in gaya mata digiri nawa ne ma.